Yadda za ka tura wa 'yan uwa na ƙauye kuɗi ya tsinana musu wani abu

Duk wanda yake zaune a Kanon nan kuma yana da tushe a ƙauye ya san kiran nan na bayan sallar asuba, ka ɗaga waya a fara doguwar gaisuwa, ya gida ya yara ya kasuwa ya aka ji da zafi, kai dai ka riga ka san inda za a sauka. Ni na daɗe ina turawa gida, yau dubu uku gobe dubu biyar, duk sanda aka kira na lalubo abin da ya samu, in na zauna na haɗa lissafi sai in ga kuɗi ne mai kauri amma wallahi babu abu ɗaya da zan nuna in ce ga abin da aka yi da shi. Ba laifinsu ba ne, ni ne ban iya bayarwa ba. Sai da na canza salo sannan na fara ganin bambanci, shi ne na ce bari in rubuta ko wani zai ɗauki wani abu.

Kafin komai ka cire maganar nan ta majalisa daga ranka, wai in ka ba talaka kuɗi a hannu aure zai ƙara ko ya kashe a banza. Mu 'yan birni mun iya wannan maganar muna shan shayi. Amma an gwada abin a wurare da yawa an gani. A 2014 masu bincike na Bankin Duniya sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a Afirka da Asiya da Latin Amurka a kan masu karɓar tallafin kuɗi, suka ga kuɗin da ake kashewa a taba da giya bai ƙaru ba, a wasu wuraren ma raguwa ya yi. Ba sai mun je nesa ba, nan maƙwabtanmu Jigawa da Zamfara an yi wani shiri da kuɗin gwamnatin Birtaniya daga 2013 zuwa 2019, ana ba mai juna biyu naira 3,500 duk wata har yaron ya shekara biyu, daga baya aka mayar 4,000, kuma da aka bibiya an samu tsumburewar yara ta ragu, matan kuma da yawa sun sayi dabbobi sun kama 'yar sana'a da shi. Matar ƙauye ta fi ni da kai sanin abin da gidanta yake buƙata. Don haka kar ka ce kai sai dai ka sayi taliya da shinkafa a kasuwar Singa ka ɗora a mota, ka biya kuɗin mota ka biya ɗan dako, alhali ita gero take so da kuɗin niƙa da maganin yaro.

To abu na farko da za ka zauna ka yanke, kuɗin nan na ci ne ko na jari. Biyun ba a ba da su iri ɗaya. A Kenya akwai wata ƙungiya GiveDirectly da take tura wa talakawan ƙauye kuɗi kai tsaye ta waya, suka gwada, wasu aka dinga ba su kaɗan-kaɗan duk wata, wasu aka dunƙule aka ba su gaba ɗaya. Masu karɓar na wata-wata abinci ya fi ƙaruwa a gidajensu, waɗanda aka dunƙule wa kuwa su ne suka fi sayen abu mai ɗorewa irin kwanon rufi. Kuma in ka duba ko a kanka haka ne, dubu biyar in ta shigo hannunka ba ta kwana. In tsohuwa ce ko mai marayu da ba ta da ƙarfin juya kuɗi, sa mata rana ɗaya a wata kar ka saɓa, ko da kaɗan ne, sanin cewa ranar kaza zai shigo shi kansa rabin taimako ne don mai shago ma zai yarda ya ba ta bashi. In kuma mai ƙarfi a jika ne, daure ka toshe kunne wata huɗu ko biyar ka tara, ka ba shi a dunƙule. Za a ɗan yi fushi da kai a tsakani, ba komai, ka yi musu bayani tun farko.

Sai lokaci, kuma wannan shi ne abin da na fi so a kama. Kuɗi ɗaya ne amma darajarsa a ƙauye tana bin wata. Ƙarshen bazara wajen Mayu zuwa farkon Yuni lokacin da ake gyaran gona ana duban gabas, kuɗin da ya shigo a nan shi ne iri, shi ne kamfa, shi ne kuɗin huɗa. In ka bari sai gero ya kai gwiwa ganye ya fara yin ɗorawa sannan ka tura kuɗin taki, an riga an makara. Na biyu watan Agusta, tsakiyar marka, rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. A wannan lokacin ne magidanci yake barin gonarsa ciyawa na cinta ya tafi ƙwadago gonar wani don a samu na tuwon dare, ko ya je ya ciwo bashin hatsi a kan zai biya da ƙari in kaka ta yi. In ka tsare masa wannan watan kaɗai, ka tsare masa gonarsa gaba ɗaya.

Na uku kuma mutane ba su cika kawo shi a rai ba, wato kaka. Za ka ce ai sun samu amfani me za su yi da kuɗina. To ai a lokacin ne bashi yake tasowa, ga biki ga kayan ɗaki ga kuɗin makaranta, dillalai kuma sun baza komarsu a kasuwannin ƙauye suna kwasa da araha suna lodawa zuwa kasuwar hatsi ta Dawanau. Yawancin shekaru hatsin da manomi ya sayar a Nuwamba shi zai dawo yana awo da kwano a Yuli da tsada. Ni yanzu abin da nake yi da Kawuna, in ya ce zai fitar da buhu biyu saboda wata lalura, sai in ce Kawu nawa ake saye yau a kasuwa, in tura masa kuɗin in ce a bar hatsin a ɗaki. A baki hatsin ya zama nawa, amma mu duka mun san wa zai ci shi da damina.

Hannun wa za a sa? Nan sai an yi a hankali. Shirin gwamnatin tarayya na zamanin Buhari wanda ake ba da 5,000 a wata, ana haɗawa a biya 10,000 duk wata biyu, mai kula da gida ake rubutawa kuma galibi mata ne, ba don komai ba sai don an ga kuɗin da ya shiga hannun uwa ya fi saurin isa tukunya. Ni ma haka na gani. Amma kar ka tsallake maigida ka haɗa wa baiwar Allah rigima, kira shi ka ce Baba ga ɗan abin da zan dinga turo wa Inna na cefane da sabulu, naka na gona daban yana nan tafe. In gidan mata biyu ne ko uku, ka san yadda za ka yi, ko ka raba ko ka faɗi dalili a fili, in ba haka ba akuya ɗaya sai ta raba gida.

Yanzu hanyar turawa. Daina ba direba ko ɗan garinku da zai je gida ranar Juma'a, ba wai don mutane ba su da amana ba, amma hanya tana da ci, za a ce an ranta za a mayar kuma kunya ba za ta bar ka ka tambaya ba. A buɗe wa mai karɓar asusu da sunanta. Ana buƙatar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ko BVN (lambar shaidar banki), in an yi an manta lambar a danna *346# a layin da aka yi rajista da shi NIN za ta fito, BVN kuma *565*0#, akwai ɗan cajin da ake cira. Ka tabbata layin wayar nata ne da sunanta, ba na jikanta da zai tafi cirani Legas da shi a aljihu ba. Lambar sirri kuma a koya mata ta haddace, kar a rubuta a bayan kati.

Wannan na koye shi da tsada. Akwai lokacin da na tura wa Gwaggona dubu ashirin, bayan kwana biyu na kira ta tana ta sa albarka, Allah ya yi maka albarka ɗan nan, sha biyar ɗin nan ta yi min rana. Na ce Gwaggo sha biyar kuma? Ashe yaron da take aika wajen mai POS shi yake riƙe da katin da lambar, ya ce mata caji ne da matsalar sabis. Kuma ba ranar ya fara ba. Tun daga nan duk sanda na tura sai na kira ta da bakina na faɗa mata adadin, in kuma ɗora kuɗin cirewa a sama don kar a taɓa mata nata, sannan in ce ta ƙirga a gaban mai POS ɗin kafin ta tashi. Ba ta karatun boko amma kuɗi kam ba a cutarta a ƙirga.

Game da tallafin gwamnati, tunda kullum ana tambayata. Akwai rajistar talakawa ta ƙasa, kuma yadda aka tsara ta shi ne a shiga gari a tara jama'a su da kansu su fitar da waɗanda suka fi buƙata, sannan ma'aikata su bi gida-gida su ɗauki bayanai. Da ita aka biya wancan na 5,000 ɗin, wanda har da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su aka zuba a ciki. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 gwamnatin Tinubu ta sanar da 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, wato 75,000 kowane gida, kuma an ɗaura shi da NIN da asusu. To aikinka a nan kaɗan ne: ka tabbata mutanenka suna da NIN, sunan da ke kan asusu ya yi daidai da na NIN ɗin harafi da harafi, su kuma dinga sauraron mai unguwa da dagaci don kar a zo ɗaukan suna suna gona. Ba a sayen fom. Duk wanda ya ce a kawo dubu biyu zai sa suna, ko saƙon nan da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook wai ka danna ka cike ka tura wa mutum goma, ko wanda zai kira ya ce daga banki yake a karanto masa lambar da ta shigo waya, ɓarawo ne kawai. Kuma dan Allah ka ja musu kunne kar a ci bashi da sunan in tallafi ya zo za a biya, kuɗin gwamnati ba shi da rana.

In jari za a yi, bar su su zaɓa, kai dai ka yi tambaya. Akuya tana da kyau don wata biyar take ɗauka ta haihu kuma sau da yawa biyu take zubarwa, amma wa zai yi mata ciyawa, akwai harawa da dusa na rani, an yi mata rigakafi? In za a saya a je da wanda ya san dabba, kasuwar Wudil ranar Juma'a ba wajen ɗan koyo ba ce. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai awara, mai ƙosai, su ba sabuwar sana'a suke nema ba, abin da ke kashe su shi ne sayen kwano ɗaya-ɗaya kullum a farashin tsada, in ta samu kuɗin rabin buhu ribarta ta canza. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka zauna a Kano ka yanke cewa keken ɗinki za a saya wa wadda ba ta taɓa taka keke ba.

Ka riƙe wani abu a hannunka kuma, ko kashi ɗaya cikin biyar, kar ka faɗa wa kowa. Abin da yake cinye jarin talaka ba almubazzaranci ba ne, ciwo ne. Dare ɗaya yaro ya kama jijjiga ko haihuwa ta zo da gardama, a nemi mota zuwa asibiti a nemi jini, washegari akuyar tana kasuwa an karyar da ita. In kana da wannan ajiyar kai za ka tare, jarin ya tsira.

Za ka ga kuma kuɗin ba ya tsayawa inda ka ajiye shi, za a ɗan miƙa wa maƙwabciya, a yi gudummawar suna, a zuba adashi. Da abin yana ba ni haushi. Amma a can Kenya ɗin da aka raba wa gidaje sama da 10,500 kusan dala 1,000 kowanne a ƙauyuka ɗaruruwa, an lissafa cewa duk dala ɗaya ta motsa kusan dala biyu da rabi a kasuwancin yankin, har waɗanda ba a ba su ko sisi ba sun amfana, kaya kuma ba su yi wani tashin a zo a gani ba. Mai niƙa ya samu, mai shago ya samu, magini ya samu. Maƙwabciyar da aka ba kwanon gero yau ita ce za ta kwana da Gwaggo a asibiti ranar da ni ina nan Kano ina fama da cunkoson Ƙofar Ruwa.

Bibiya kuma a yi ta da ladabi, kar ka koma kamar mai binciken kuɗi, babba ba ya son ɗan da ya goya ya tsare shi da ina rasit. Tambayi lafiyar akuya kawai, labari zai fito da kansa. Ta Gwaggo yanzu sun zama biyar, ta sayar da bunsuru ɗaya da sallar da ta wuce ta sa kwano a ɗakin da yake yoyo, wancan satin kuma ita ta kira ni da katin wayarta, wai in na tashi zuwa in taho da galan za ta zuba min man gyaɗa.