Yadda za ka tada tsohuwar Land Rover Series III ba tare da ta cinye maka aljihu ba

In kana sha'awar tsohuwar motar daji da za ka riƙa gyarawa da kanka a hankali, Asabar da Lahadi, to ni dai a ganina Land Rover Series III ta fi sauƙin farawa. Daga 1971 zuwa 1985 aka yi ta ƙera ta a Solihull can Ingila, ta shigo ƙasashenmu da yawa ta hannun gwamnati da sojoji da ma'aikatan gona da asibitocin mishan, shi ya sa har yau za ka ganta a kwance bayan wata ma'aikata ko gefen gareji, tayoyi sun nutse a ƙasa. Ba kwamfuta a jikinta ba sensa, sufana da guduma da haƙuri kawai take so. Amma fa abin da ke kashe mutane a wannan harka shi ne tsarin aikin, mutum ya sayo yau, gobe ya kai ta wajen mai fenti. Daga ƙasa ake farawa, fenti shi ne na ƙarshe.

Kafin ka biya ko sisi, shimfiɗa kwali ka shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Bodinta alminiyon ne baya tsatsa, shi ne ma yake yaudarar mai saye, sai ka ga mota garau a ido alhali shasin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne kuma shi ne ke ruɓewa daga ciki. Bi shi kana ƙwanƙwasawa tun daga gaba inda sifirin ya kama, zuwa ƙarafunan da suka fito gefe suna riƙe bodi, har ƙarfen da ya gitta can baya inda ake ɗaura abin ja. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake da kaifi, ruɓaɓɓe kuwa za ka ji shi luf, wani wajen ma gudumar ta shige. Sai bangon nan da ke tsakanin inji da direba, wanda gilashin gaba da ƙofofi da fedoji duk a jikinsa suke, shi ma ƙarfe ne, duba inda ake ajiye ƙafa da ginshiƙan ƙofa da ƙasan gilashi. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram yawanci ta fi wadda ta sha damshin kudu ko raɓar tsaunin Mambila lafiyar shasi, amma kar ka yarda da labari, duba da idonka. Lambar shasi tana kan farantin cikin mota, an kuma buga ta a ƙarfen gaba na hannun dama wajen sifirin, dole su zo ɗaya da abin da ke takarda. Ba takardu masu kyau, dan Allah ka haƙura da ita komai arha.

Iri biyu ne, gajeruwa mai inci 88 da doguwa mai inci 109, wato tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. In wannan ne karonka na farko ɗauki gajeruwar, ta fi shiga gida, birkinta ma ya fi sauƙin sha'ani.

Ka kawo ta gida, to kar ka yi saurin wargaza ta. Fara gwada tada injin a yadda yake: cire fulogi ka zuba ɗan baƙin mai a kowane silinda ya kwana biyu, juya injin da hannu ka ji ko yana tafiya, canza baƙin mai da fita, fetur kuma daga galan mai tsabta za ka ba shi saboda abin da ke cikin tsohon tankin nan ya riga ya zama datti. In ya tashi ka san me ka saya. Daga nan sai kwancewa, kuma nan ne wayarka za ta yi maka rana, ɗauki hoton komai kafin ka taɓa shi, kowane noti da kusa a leda ka rubuta inda ya fito, wayoyi ka manna musu takarda. Wallahi bayan wata shida ba abin da za ka tuna. Ka sani kuma notocinta ba duk na milimita ba ne, yawanci na inci ne, har da tsohon awon Whitworth a wajen giya da aksil, in ka matsa musu da sufanan da bai dace ba kansu zai murje ka shiga wani aikin.

Bodin yana fita gunduwa-gunduwa, rufi, ƙofofi, fukafukan gaba, akwatin kujera, akwatin baya, mutum uku sun isa su ɗaga. In shasi ya rage tsirara a wanke shi a kankare tsatsa, inda ya ruɓe a yanke a sa sabon ƙarfe mai kaurin na asali. Kar ka bari mai walda ya ɗora faci a kan tsatsa, irin wannan aikin kamar shafa jan baki ne a kan ƙurji, kuma a auna shasin kusurwa zuwa kusurwa kafin walda da bayanta don kar ya karkace. Tankin mai a cire shi a kai nesa tukuna, a gajeruwar ma ƙarƙashin kujera yake. In ruɓewar ta yi yawa akwai kamfanoni a Ingila irin su Richards da ke yin sabon shasi da aka tsoma a zinki, sai dai kuɗin jirgi da kwastan ba wasa ba ne, sau da yawa gara ka nemi wata gawar motar mai shasi mai kyau ka haɗa biyu su zama ɗaya.

Birki kuwa ba a tsumulmula a kansa. Na ganga ne duk ƙafa huɗu, ka canza silindojin ƙafa da babban na sama da robobin tiyo da bututun gaba ɗaya, ƙurar tsohon takalmin birki kuma kar ka hura ta da baki ko iska, tana iya ɗauke da asbestos mai cutar da huhu, a jiƙa a goge. Duba ƙwallayen ƙarfen nan masu sheƙi a ƙarshen aksil na gaba, in sun yi ramuka za su yi ta cin oyil sil suna zubar da mai. Man giya EP90 ake zubawa a giya da tiransifa (akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba da baya) da aksil, na cikin giyar ka nemi GL4 saboda akwai tagulla a ciki. Notocin sifirin kar a ɗaure su tamau sai motar ta sauka kan tayoyinta da nauyinta, in ba haka ba robobin ba za su yi ƙarko ba.

Injin nan mai lita 2.25, silinda huɗu, na fetur ko na gas (dizal), ba shi da gudu amma jarumi ne. A auna kwamfireshan kafin a ce za a buɗe shi, da yawa gyaran kafireto da sabon foyin da fulogi da saitin bawul a inci 0.010 kawai suke buƙata, sai wankin lagireto sosai saboda zafinmu. Za a yi ta zuga ka ka jefa mata babban injin Toyota, ni ban goyi baya ba, giyarta da sandunan aksil ɗinta ba a yi su don wannan ƙarfin ba, za ka yi ta karya su ne. Wayarin kuma sabo gaba ɗaya ya fi facin shekara arba'in. In taka ta sojoji ce duba ko wutarta mai ƙarfin bolt 24 ce kafin ka sayi batir ko kik.

Kayan gyara, zagaya Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas, ka tafi da tsohon a hannu ka gwada. Ƙarafuna na hannu ba laifi, amma roba da sil da kayan birki sababbi, a yi odarsu da lambar kayan.

Yanzu ne aka zo kan bodi. Alminiyon baya yin ja kafin ya narke, don haka fanel bitan da ya saba da ƙarfe in ya sa masa wuta sai dai ka ga rami. A buga shi a hankali, ƙananan lotsawa ma a bar su, sun fi kilo biyar na foti kyau a jikin wannan motar. Duk inda alminiyon zai taɓa ƙarfe a sa roba ko fenti a tsakani, in ba haka ba wajen zai yi farin gari ya huje. Faramar da ke kama alminiyon, wato shafin farko kafin fenti, daban take, tambayi mai fenti ko ya san ta kafin ka ba shi aikin.

Ranar fita ta farko ka tsaya a unguwa, ka yi ta taka birki, ka dawo ka leƙa ƙasa ka ga me ke ɗiga, sannan ka sake bin notocin taya da na sifirin. Sandar nan mai kai rawaya in ka danna ta ƙasa ƙafa huɗu ke ja, mai kai ja in ka jawo ta baya ta shiga ƙaramar giya, kuma don sakin rawayar sai ka tsaya ka ja jar baya ka mayar da ita gaba. A kan kwalta ƙafa biyu kawai za ka bari tana ja, in ka yi tafiya da huɗu a busasshen titi aksil ɗin zai ɗaure ya ci maka taya ko ya karya wani abu.