Yadda za a raba shanun huɗa da taramol

Wasu manoma a karkara sukan narka wa bijimi taramol a ruwan dusa don ya wuni yana jan garma. Ƙarfi dai bai ƙaru ba, zafin ciwo ne ya daina ji. Hanta ce ke juya ƙwayar zuwa sinadarin da ke kama inda mofin, wato wani maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ke kamawa a ƙwaƙwalwa, kuma yau da gobe jiki ya saba har ya kasa zama babu ita.

Ɓarnar ta fi yawa wajen horo. Binciken da aka yi a Amurka a 2000 ya nuna ɓerayen da suka jima kan mofin sun rage samar da sabbin ƙwayoyin halitta a sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe hanya da wuri. Abin mamaki, akwai abin da ba sa mantawa: ɗakin da aka ba su maganin, can suke komawa ko an daina. Saboda haka ka canza kwano, ka canza turke, ka canza lokacin ba da dusa. Bijimin da ya ga kwanon nan da sassafe, jikinsa zai fara nema.

Kada ka yanke masa ƙwayar rana ɗaya. Zawo, karkarwa, ƙin ci da rashin natsuwa su ne za su biyo baya. Kira malamin dabbobi ya tsara ragewa a hankali, ka kuma nuna masa katin da kake saye. Hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta amince da taramol mai miligiram 50 da mai 100 ne kawai. Mai 225 haramtacce ne. Taramol kan jawo farfaɗiya, yana kuma rage motsin tumbi, don haka ka riƙa lura ko yana tuƙa.

Kafin ya koma gona, ɗaga karkiya ka duba wuya da kafaɗa, ka duba tsakanin kofato. Sau da yawa akwai gyambon da ƙwaya ta ɓoye. Sai ya warke tukuna.

Horo kuma daga farko za a soma: minti 15 zuwa 20 da safe, karkiya ba garma, an haɗa shi da tsohon sa mai hankali, murya ɗaya, kalma ɗaya ga kowane umarni. Duka yana ƙara masa firgici ne kawai. Idan ya fara bin kunya daidai, a ɗaura garma, amma aiki kada ya wuce awa 4 zuwa 5, a kwance shi kafin rana ta take, a ba shi ruwa ya ƙoshi da harawa da ɗan kanwa.