Bidiyo na ta lodin a waya: kurakuran da muke yi da hannunmu kafin mu hau zagin netwok

Shekaranjiya bayan isha'i ƙanwata ta miƙo min wayarta, wai Yaya don Allah duba min, fim ɗin nan ko minti biyu ba ya yi sai ya tsaya, zoben nan yana ta juyawa kamar fanka, kuma wallahi yau ɗin nan na sa data. Na karɓa na danna alamar setin da ke saman bidiyon, sai ga kwalitin hoton yana kan 1080p, alhali a saman skirin ɗin H+ ne a rubuce, wato netwok ɗin 3G. Na mayar da shi 360p na miƙa mata, fim ya tafi sumul, ta dube ni ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ta ce ita ai ta ɗauka babbar lamba ita ce take sa shi sauri.

To ba ita kaɗai ba ce, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Ka ɗauki abin kamar randa ce ana zuba mata ruwa daga famfo kai kuma kana ɗiba da moɗa, in ɗibarka ta fi zubar famfon sauri ai dole ka ga ƙasan randa ka tsaya jira. Wancan layin mai ruwan toka da kake gani yana gaba da jan layi a YouTube shi ne ruwan da ya taru, duk sanda ja ya kamo shi bidiyo zai tsaya. Don haka magani biyu ne kawai, ko ka rage girman moɗa ko ka ƙara ƙarfin famfo, kuma yawancin abubuwan da muke yi in abin ya ishe mu ba sa taɓa ko ɗaya a ciki.

Su YouTube da kansu sun faɗi gudun da kowane kwaliti yake buƙata: 360p yana son wajen 0.7 Mbps (ma'aunin gudun intanet ke nan), 480p 1.1, 720p 2.5, shi kuwa 1080p har 5. Amma nan ma akwai inda mutane suke rikicewa, lambar da wayoyi irin su Tecno da Infinix suke nunawa a can sama kusa da batir KB/s ce, ba Mbps ba, sai ka ninka lambar Mbps ɗin da 1000 sannan ka raba da 8 kafin ka samu KB/s. Wato 360p yana son wajen 90 KB/s, 480p wajen 140, 720p kuwa sama da 300. In ka kunna nuna gudun netwok a setin ɗin wayarka ka ga lambar tana yawo tsakanin 60 da 100, malam ka haƙura da 720p, ba rabonka ba ne a wannan daren. Kuma gaskiya in wa'azi ne ko hira ko labarai da kunne ya fi ido aiki, 240p ma ya isa, fuskar malam ce kawai za ta ɗan yi dishi-dishi, muryarsa na nan.

Wani kuma zai ce ai na rage amma da na buɗe wani bidiyon ya koma yadda yake. Eh haka yake, kwalitin da ka zaɓa ta alamar setin saman bidiyo, a cikin Advanced, na wannan bidiyon ne kaɗai. In kana so ya zauna sai ka shiga Settings na YouTube ɗin, ka nemi Video quality preferences, a ɓangaren datar waya ka zaɓi Data saver. TikTok ma yana da nasa Data Saver a cikin setin, Facebook kuma ka kashe masa kunna bidiyo da kansa, don kana gangarawa yana ta jan bidiyoyin da ba ka ma tsaya kallo ba.

Sai maganar sabis ya cika. Sau nawa ka ji mutum yana cewa sabis fa ful ne amma ba ya tafiya? Waɗannan sandunan ƙarfin siginar da ke tsakaninka da turken sabis suke nunawa, ba su san mutum nawa ne suka rataya a jikin turken ba. Daga bayan magariba zuwa wajen sha ɗaya duk unguwa an dawo gida, kowa ya kwanta da waya a hannu, turke ɗaya ake rabawa, shi ya sa wayar da ta yi maka gudu da asuba take rarrafe da daddare kuma babu abin da ya lalace a cikinta. Harafin da ke gefen sandunan ya fi su faɗin gaskiya. In E ne ka manta da bidiyo kwata-kwata, ko hoto da ƙyar yake buɗewa. H ko H+ zai ɗauki 240p zuwa 360p, wani lokacin ya fi haka in ba cunkoso. In kana wurin da ka san akwai 4G amma wayar ta maƙale a H, kunna Airplane mode ka ƙirga goma ka kashe, sau da yawa sai ta sake kamawa da kyau. In kuma ba ta taɓa nuna maka 4G ba sam, duba ko layin ne tsoho tun na zamanin da, irin wannan sai an je ofis an sauya shi, lambarka ba za ta canza ba.

Akwai masu wayo da suke shiga ɓoyayyen setin su ɗaure wayar a LTE only, wato 4G kaɗai. Yana aiki, ban ce ba ya yi ba, amma ka sani in layinka ko wayarka ba sa yin kira ta kan 4G to kira ba zai shigo ba. Na taɓa yi wa wayata haka don kallon ƙwallo na manta ban mayar ba, washegari Hajiya ta yi ta nemana ana ce mata ba a samuna, da na je gaishe ta sai da na sha faɗa, wai kai wane irin mutum ne waya a hannu kamar ba waya. In za ka yi, ka mayar in ka gama.

Inda kake zaune ma yana da tasiri, ƙuryar ɗaki mai katangar siminti da rufin kwano ba daidai take da bakin taga ko tsakar gida ba, taku biyar kawai kan iya mayar da H ya koma 4G. Mai MiFi shi ma ya daina cusa ta ƙarƙashin filo.

Yanzu ɓarayin cikin gida. Kana kallo kana tsammanin bidiyon ne kaɗai yake shan netwok, ashe Play Store yana can yana sabunta manhajoji, WhatsApp yana sauke bidiyon biki guda ashirin da aka turo a gurup ɗin dangi, Google Photos yana ɗora hotunanka, sannan hotspot ɗin da ka kunna wa abokinka tun la'asar har yanzu yana kunne kuma ƙaninsa ma ya samu lambar sirrin. Gwajin mai sauƙi ne, rufe komai ka ajiye wayar ka kalli lambar KB/s ɗin nan, in tana motsi sosai alhali ba ka yin komai to akwai mai ja. A Play Store ka mayar da sabuntawa sai da Wi-Fi kawai, a WhatsApp ka shiga Storage and data ka cire saukar bidiyo da kansa, wannan ma kaɗai zai sa datarka ta ƙara kwana.

Abin da ya fi ba ni haushi su ne manhajojin nan masu hoton roka, wai suna ƙara gudun intanet. Babu manhajar da za ta ƙara wa turken unguwarku ƙarfi, talla kawai suke loda maka, tallan kuma da datarka ake sauke shi. Haka VPN na kyauta da wasu suke barinsa a kunne dare da rana, bidiyon sai ya zagaya ta wata ƙasa kafin ya iso gare ka, ta kwamfutar da dubban mutane suke cunkushe a kai. In ka ga alamar ɗan makulli a saman skirin kashe shi ka sake gwadawa. Shi kuma goge cache, wato tarkacen wucin gadi da manhaja take ajiyewa a waya, da kowa yake ba da shawara, yana taimakawa ne in manhajar ce take maƙalewa ko wayar ta cika maƙil, ba ya gyara netwok. Kuma a kula, Clear cache daban Clear data daban, na biyun zai iya tafiya da duk bidiyoyin da ka sauke a cikin manhajar, sai dai ka yi salati.

Sannan rashin haƙuri. Da ya tsaya sai mutum ya ja shi gaba, ya ja shi baya, ya fita ya sake shiga, duk sanda ka tsallaka inda layin toka bai kai ba ka zubar da ɗan abin da ya taru an koma farko. Gara ka danna tsayawa ka ba shi kamar rabin minti. Amma kar ka ajiye ka tafi sallah kana tsammanin za ka dawo ka tarar ya loda fim ɗin duka, YouTube ɗan gaba kaɗan yake tarawa ya tsaya. Abin da ake haskawa kai tsaye kuwa kamar ƙwallo ko tafsiri, babu gaban da zai tara tunda ba a yi shi ba tukuna, nan rage kwaliti ne kawai mafita.

Kar kuma ka manta ka duba wace irin data ce da kai. Wani datar WhatsApp da Facebook ce kawai ya saya, saƙo na shiga lafiya sai ya rantse yana da data, alhali babbar ta ƙare tun rana. A Najeriya *323# zai nuna maka abin da ya rage a kowane layi. Masu tsarin da ake cewa ba iyaka su ma su karanta sharaɗin, da yawa in ka kai wani adadi ana rage maka gudu.

In unguwarku dai netwok ɗin dare ba ya yi, ka daina kokawa da shi. Sayi datar dare mai araha, ka danna Download a ƙarƙashin bidiyon da ya ba da dama, ka zaɓi 360p, ka bar shi ya sauka lokacin da gari ya yi tsit, gobe ka kalla ko datar a kashe. Sai dai kar ka tura wayar ƙarƙashin katifa tana caji tana saukewa, in ta yi zafi ita da kanta take rage ƙarfin aikinta, ka ɗora ta a kan tebur ko bakin taga inda iska take shigowa.