Yadda ake gano tsagewar walda da jan rini

Walda tana iya yin sumul a ido alhali akwai tsaga siririya kamar gashi a gefenta. Wata hanya mai arha ta gano ta, ba yanka ba fasawa, ita ce gwajin jan rini. Kayan aikin gwangwanayen feshi ne guda uku: na wanki, na jan rini, da na farar hoda mai tsotso rinin daga cikin tsaga ya fito fili. Sai tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare.

A wurin wanki aka fi yin kuskure. A kankare ɓawon walda, tsatsa da fenti, a fesa ruwan wanki, a goge, a bar wurin ya bushe sarai. Maiƙo ko danshi da ya cika tsaga ba zai bar rini ya shiga ba. A kuma yi hattara da injin gurza: idan aka danna shi da ƙarfi, musamman a kan alminiyam, yana shafe bakin tsagar ya rufe ta, sai gwaji ya ce lafiya lau.

Daga nan a fesa rinin ya rufe waldar da kamar santimita 3 a kowane gefe, a bar shi minti 10 zuwa 20 yana jiƙe. Zafin ƙarfen ya tsaya tsakanin digiri 10 zuwa 50. Tankin da ya wuni a ranar watan Afrilu zai iya wuce haka, rinin ya bushe kafin ya ratsa, don haka a yi da safe ko a inuwa.

Gogewa kuma sai da lalama. Busasshen tsumma tukuna, ana jan sa gefe guda. Sannan a ɗan jiƙa wani tsumman da ruwan wanki a kwashe sauran. Kada a kuskura a fesa ruwan wanki kai tsaye a kan waldar, domin zai wanke rinin da ke cikin tsagar, aikin ya tashi a banza.

A girgiza gwangwanin hoda sosai, a fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, shafi ɗaya siriri wanda ana iya hango ƙarfen ta cikinsa. Hoda mai kauri tana binne ƙananan alamu. A zuba ido tun daga farko, amma kada a yanke hukunci sai bayan minti 10. Jan layi tsaga ce ko wurin da walda ba ta kama ba. Ɗigo-ɗigo ramukan iska ne. Jan da ke ta bazuwa kamar jini a farar riga alama ce cewa tsagar tana da zurfi. Idan duk wurin ya yi ruwan hoda, gogewar ce ba ta yi ba, sai a sake daga farko.

Wannan gwajin aibin da ya buɗe baki a saman ƙarfe kaɗai yake gani. Na ciki sai na'urar da ke binciken cikin ƙarfe da sauti, ko hoton X-ray. A ƙarfe mai ƙarfi ƙwarai, tsaga kan jinkirta fitowa, shi ya sa ake jira awa 48 bayan walda kafin a yi gwajin. Ruwan feshin yana kama wuta: a nisanci tartsatsi, a sa safar hannu, a yi aikin inda iska ke kaɗawa.