Yadda ake lissafin nisa da awannin tafiya tsakanin filayen jirgin sama biyu

Da farko ka ajiye sunan gari gefe guda, nemo haruffa ukun nan na filin jirgin da ake bugawa a jikin tikiti, don gari ɗaya yana iya samun filaye da yawa. Landan kaɗai tana da Heathrow wato LHR, ga Gatwick LGW da sauransu. Ka zuba haruffan filayen biyu a shafin Great Circle Mapper, kyauta ne, ni dai ban ga dalilin sauke wata manhaja ta kuɗi ba. Kar ka ce za ka auna da rula a taswira, duniya ƙwallo ce, gajeriyar hanyar lanƙwashe take fitowa a takarda. LHR zuwa JFK na New York zai ba ka kusan kilomita 5,540, amma duba da kyau ko kilomita ya nuna maka ko mil na yau da kullum ko mil ɗin ruwa wato nautical mile, shi mil ɗin ruwa ɗaya kilomita 1.852 ne.

Sai ka raba da 850, kusan gudun babban jirgin fasinja kenan a awa. Ya ba ka awa 6 da rabi, ƙara masa wajen minti 30 na tashi da sauka da jan jiki a ƙasa. Awa 7 kenan. Haka ake yi daga New York zuwa Landan, amma idan Amurka ka nufa sai ya kai wajen awa 8, saboda akwai iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, mai zuwa gabas tana tura shi, mai zuwa yamma kuma yana ta fama da ita.

To ga inda yawanci ake rikicewa. Lokacin tashi da na sauka da ke tikiti kowanne agogon garinsu ne. Mutum ya ga tashi Landan ƙarfe 10 na safe, sauka New York ƙarfe 1 na rana, sai ya ce ai awa 3 ce, alhali Landan tana gaban New York da awa 5, ƙarfe 1 ɗin nan 6 na yamma ce a Landan, awa 8 kenan cif. Dole ka mayar da lokutan biyu agogo ɗaya kafin ka ɗebe, kuma a takarda, ba da ka ba. Ka lura da watan Maris ma, Amurka tana riga Birtaniya tura agogo gaba da awa ɗaya kamar yadda suke yi kowace shekara, 'yan makonnin nan tazarar awa 4 ce. In ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi.

In akwai tsayawa a hanya, lissafa kowane zango daban ka haɗa da awannin jira. Rufe sararin samaniya ma na ɓata lissafi, tun 2022 yawancin jiragen Turai ba sa ratsa Rasha, shi ya sa Helsinki zuwa Tokyo da ake yi a awa 9 da wani abu ta koma wajen 13.