Shawara ga masu shirin rajista da COREN

'Yan uwa injiniyoyi, digiri kaɗai bai ba mutum damar sa Engr. a gaban sunansa a Najeriya ba, sai COREN, hukumar kula da aikin injiniya da aka kafa a 1970, ta yi masa rajista. Ana buƙatar shekara 4 na aiki bayan kammala karatu a kwas ɗin da hukumar ta amince da shi. Mai HND kuwa a rukunin teknolojis ake sa shi, sai in ya ƙara PGD, wato difilomar gaba da digiri.

Inda aka fi faɗuwa shi ne rahoton aiki. Kada ka rubuta "mun gina gada". Faɗi abin da kai ka yi da hannunka: lissafin nauyi, gwajin ƙasa, girman rodi, ƙa'idar zane da ka bi, da matsalar da ta taso a wurin aiki da yadda ka warware ta. Masu tantancewa daga cikin rahotonka suke ciro tambayoyi, don haka wanda ya kwafi na wani ba ya wuce tambaya ta biyu. Ka haɗa zane da hotuna, ka karanta ƙa'idojin ɗa'ar sana'a sosai.

Tabbatar injiniyoyin da za su tsaya maka suna da rajista kuma sun biya kuɗin shekara, in ba haka ba takardunka za su maƙale.

Amfanin rajistar a fili yake: hatiminka a kan zane, ƙarin girma a aikin gwamnati, kuma kamfanoni masu neman kwangila suna neman masu ita.