Yadda zaka gane halin yarinya kafin kyau ya rufe maka ido

Samarin Zazzau ku matso kusa. Duk wanda ya taba tsayawa bakin get din ABU a Samaru da yamma ya san in dai kyau ne ba'a magana, ga kuma Snapchat da man bilicin sun mayar da kowa fara sol, to ta yaya zaka gane wadda zata rike maka gida?

Da farko ka rage hirar WhatsApp, a waya kowa mutumin kirki ne. Ka rika zuwa zance gidansu, kuma idonka ya fi zama a kan yadda take yiwa na kasa da ita, ba yadda take yi maka ba. Ni akwai wadda na taba nema a wajen Tudun Wada, kyau kam kamar ita tayi kanta, ranar nan kanwarta 'yar shekara kamar 7 ta kawo mana zobo a zaure sai tiren ya kubuce ya zube a kan darduma, kafin ince sannu ta dalla mata mari har dan kunnen yarinyar ya fadi kasa, sannan ta juyo da murmushi tace "ina jinka". Wallahi tun ranar ban sake taka layin ba.

Hankali kuma gwada shi akeyi. Kawo mata matsala ta gaske, kace albashi ya kare tun 20 ga wata ko kun samu sabani da yayanka a kan gidan gado, kayi shiru ka saurara. Mai hankali sai ta tambayeka yadda abin ya faro kafin tace komai, wata kuwa tun baka rufe baki ba ta fara zugaka. Ba digiri nake nufi ba fa, akwai wadda iyakarta islamiyya amma in ta baka shawara sai ka rike baki.

Sai bincike. An ruwaito cewa wani ya yabi mutum a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambayeshi ko makwabcinsa ne, ko sun taba tafiya tare, ko harkar kudi ta taba hadasu. Wannan ma'aunin har gobe yana aiki. Kada ka tambayi kawayenta, bakinsu daya. Tura yayarka ko gwaggonka suyi hira da matan makwabta, su ji ya take da mahaifiyarta, in ta ci bashi wajen mai shagon layinsu tana biya? In an yi rasuwa ko suna a unguwa ana ganinta a bakin murhu ko sai lokacin daukar hoto?

Ban ce ka auri wadda bata kwanta maka ba, Annabi (SAW) da kansa yace da Mughira bin Shu'uba yaje ya ga matar da yake nema. Amma a hadisin da ya lissafa dukiya, nasaba, kyau da addini, ma'abociyar addini yace a rika.

Kuma don Allah kada kayi binciken a watan azumi kadai, lokacin kowa na Allah ne. Ka bari sai bayan sallah da kamar wata biyu ka sake tura gwaggo.